Ƙaddara Ta Sauka, Wa Zai Biya?

A ƙarƙashin wata darbejiya a Ajilari, kusa da inda hanya ta ratsa layin dogo, muka ƙulla maganar. Watan Janairu ne na 2020, hunturu bai sake mu ba. Sana'ata sa tayil, shekara goma sha huɗu ke nan ina durƙuso a kan siminti. Alhajin da ya neme ni ɗan kasuwa ne a Njamena, kakanninsa mutanen Barno ne, kuma ya ga aikina a gidan wani surukinsa a nan Maiduguri. Yana da bene a unguwar Digel da ya kai lokacin sa tayil. Muka yi jinga: ɗakuna da banɗaki da matakala, duka a kan kuɗi kaza na naira, sulusi kafin alƙalami, saura in an gama. Zan tafi da yarana biyu. Na ce in sha Allahu kafin azumi mun miƙa masa gidansa.

Da aka zo shafa Fatiha na ce, "Alhaji, da mun ɗan rubuta." Kafin ya amsa, wani dattijo da ke zaune tare da mu ya ce, "Haba ɗana, takarda tsakanin Musulmi da Musulmi? Ai amana ta fi tawada." Na ƙara cewa ina nufin ko da wani abu zai taso. Ya ce, "Kada ka yi mana mugun baki." Kunya ta kama ni, na yi shiru, muka shafa.

Cikin Fabrairu muka bi hanyar Mafa da Dikwa zuwa Gamboru, muka tsallaka Fotokol ta Kamaru, muka kai Kusuri, muka haye gadar Ngeli muka shiga Chadi. Aiki ya kankama. Muna cikinsa muka ji a rediyo an samu mai korona na farko a Legas ranar 27 ga Fabrairu. Ranar 18 ga Maris Kamaru ta rufe iyakokinta. Washegari Chadi ta sanar da mai cutar na farko. Ranar 23 ga wata Najeriya ta rufe nata iyakokin ga matafiya. Iyaka biyu ce tsakaninmu da Ajilari, kuma cikin mako guda kowacce ta rufe. A Njamena aka kafa dokar hana fitar dare a farkon Afrilu, aka rufe masallatai, aka rufe shagunan da ba na abinci ba, har da na Alhaji. Tayil ɗin da ke ƙasa ya ƙare, kuɗin sayen wani ya yanke. Mun ci fiye da rabin aikin, sai ya tsaya cak.

A nan tambayoyin da ba mu yi wa juna a gindin darbejiya ba suka zo suka same mu. Rabin da na yi, za a biya ni ko sai an gama? Wa zai ciyar da mu muna zaman jira? Kuɗin motar komawa na kan wa? Sannan da wane kuɗi za a yi lissafi? A watan Maris ɗin nan Babban Bankin Najeriya ya mayar da dala daga wajen naira 306 zuwa 360, ita kuwa sefa a ɗaure take da yuro, ba ta motsa ba. Jingata da naira take, shinkafar da muke ci da sefa ake sayenta. Kullum ladana na ƙanƙancewa ina kallo.

Na je na sami Alhaji. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, jinga muka yi, kuma aiki bai ƙare ba. Abin nan daga Allah ne, ya same ni ya same ka. Mu yi haƙuri." Ban ce mugu ba ne, kuma ba zan faɗa ba. Ya bar mana ɗaki a cikin ginin. Da azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, kullum sai an kawo mana kunu da abin buɗa baki daga gidansa. Amma da sunan sadaka ake kawowa, ni kuwa ina ganin guminmu na shimfiɗe a ɗakunansa. Abincin da mutum ya karɓa a matsayin haƙƙinsa yakan ci shi kansa a ɗage. Wanda aka miƙo masa don tausayi, alhali yana bin bashi, ko ya ƙoshi akwai abin da ke tsaya masa a maƙogwaro.

Tun daga lokacin tambaya ɗaya ke bina. Annoba daga Allah take, wannan babu mai imanin da zai yi jayayya. To amma asarar da ta biyo bayanta, wa ya raba ta? Wa ya ce kaso mafi nauyi ya faɗa kan mai durƙuso, mafi sauƙi kan mai bene? Cutar ba ta zauna ta yi wannan rabo ba. Mu muka yi shi, ranar da muka ƙi magana. Duk inda aka yi shiru a kan asara, idan ta zo takan gangara wajen wanda ba shi da ƙarfin ture ta, kamar yadda ruwa ke bin gangare in an yi kuskuren awo a banɗaki. Kalmar "ƙaddara ce" gaskiya ce, sai dai na lura ta fi sauƙin fita daga bakin wanda kuɗin ke hannunsa.

Na san haka ne domin ni ma ta fito daga bakina. Yaran nan biyu da na ɗauko daga gidajen iyayensu, lada na yini nake ba su. Da kuɗi ya yanke, akwai kwanakin aiki masu yawa da ban biya su ba. Wani dare ƙaramin ya tambaye ni, na ce masa, "Ka ga halin da ake ciki, ƙaddara ce. Sai an biya ni in biya ku." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Oga, mu ba jinga muka yi da kai ba. Kwanakinmu muka ba ka." Na kwana ban runtsa ba. Maganar da ta ƙona ni daga bakin Alhaji, ita na ɗauka da zafinta na ɗora wa na ƙasa da ni.

Sai bayan Babbar Sallah muka samu hanyar dawowa. Kwana biyu da isowata na tafi zauren malamina, wanda a gabansa na karanta Iziyya da Risala. Na zayyana masa komai, na ce, "Allah gafarta Malam, mene ne nawa, mene ne ba nawa ba?"

Ya fara da rarrabe mini abu biyu da mu masu sana'a muke haɗawa a cikin kalmar jinga. Akwai ji'ala, wato a ce wa mutum in ka samo mini raƙumina da ya ɓata kana da kaza. Wannan ba shi da komai sai ya kawo raƙumin, domin rabin nema bai amfani mai raƙumi da komai ba. Akwai kuma ijara, wato ɗaukar mutum aiki. Ya ce malaman Malikiyya ba su yarda a yi ji'ala a kan aikin da rabinsa zai zauna a hannun mai shi ya amfana ba, kamar haƙa rijiya a cikin gonar mutum. Tayil ɗin da na shimfiɗa yana cikin gidan Alhaji, ba zai tashi ya biyo ni Maiduguri ba. Saboda haka ina da lada gwargwadon abin da na yi.

Daga nan ya jawo Mukhtasar na Shehu Halilu, littafin da aka rubuta a Misira tun ƙarni na 14, ya nuna mini babin ijara. A cikin abubuwan da ke warware haya har da umarnin sarki na a rufe shaguna. Na yi mamaki ƙwarai. Abin da muka ɗauka sabo ne fil, ashe malamai sun zauna sun yi masa hukunci shekaru ɗari shida da suka wuce. Ya kuma kawo mini mas'alar ja'iha, wato bala'in da ke faɗa wa 'ya'yan itace bayan an sayar da su suna bisa, kamar fara ko ƙanƙara ko iska. A Sahihu Muslim akwai hadisin Jabir da ke nuna Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a sauke wa mai saye irin wannan asara, ya kuma hana mai sayarwa cin kuɗin ɗan'uwansa a kan abin da bai samu ba. Malikiyya suka ce idan ɓarnar ta kai sulusi ko fiye, a rage kuɗin gwargwadonta. Shari'a ba ta tsaya ga cewa daga Allah ne ta tashi ba. Ta amsa cewa daga Allah ne, sannan ta ɗauko ma'auni.

Na ce, "To ciyarwar watannin jira fa, da kuɗin mota?" Malam ya yi jim, ya ce, "Ɗana, a nan ba zan ba ka abin da littafi bai ba ka ba. Idan aiki ya warware, ciyar da kai ba ta zama dole a kansa sai da sharaɗi ko al'adar da kowa ya sani. Ya halatta a ɗauki mutum aiki a sa ciyarwa cikin ladansa. Kun sa?" Na ce ba mu sa ba. Ya ce, "To wannan giɓin ku kuka bar shi." Game da yarana kuwa bai sassauta mini ba ko kaɗan. Ya ce da ni suka ƙulla, ba su san Alhaji ba, kuma kowane yini da suka yi aiki bashi ne a wuyana ko an biya ni ko ba a biya ni ba. Cikin makon na sayar da babur ɗina na sallame su.

Na daɗe ina juya maganar dattijon nan ta gindin darbejiya, domin ba maganar banza ba ce, kuma mutanenmu da yawa a kanta suke. Tana da rassa biyu. Na farko, cewa ambaton bala'i kiran bala'i ne. Mu mutanen Ajilari mun san bala'i ido da ido. Bama-bamai sun tashi a unguwar nan a Maris 2014, suka sake tashi a Satumba 2015, mun ɗauki gawawwakin maƙwabta da hannunmu. Tun daga lokacin kowane magidanci ya gaya wa iyalinsa inda za a haɗu in an watse. Babu wanda ya kira wannan mugun baki. Kuma muna da abin koyi da ya fi wannan. Lokacin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya nufi Sham, ya kai Sargu aka gaya masa cuta ta ɓarke. Ya yi shawara, ya yanke a koma. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk wanda ya kai raƙumansa, da ƙaddarar Allah ya kai su. Sannan Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya hana shiga garin annoba, ya kuma hana na ciki fita don gudu. Wannan hadisi ya shafe ni kai tsaye. Addinina ya ce in zauna inda cuta ta same ni. Ashe kuwa wajibi ne tun kafin in tafi in san abin da zan ci in zaman ya kama.

Mukan ce in sha Allahu a ƙarshen kowane alkawari, kuma Suratul Kahfi ce ta koya mana. Ma'anarsa ita ce gobe ba a hannunmu take ba, abin da muka shirya yana iya ƙin faruwa. Wanda ya faɗi haka da gaske, tambaya ta gaba a bakinsa take: in Allah bai so ba fa, yaya za mu yi da juna? Mutumin da ya ce in sha Allahu sannan ya ƙi a tattauna wannan, harshensa ya yarda gobe ta Allah ce, lissafinsa kuwa ya ɗauka tamkar ta riga ta shiga aljihunsa. A ganina sharaɗin da ake rubutawa saboda annoba ko rufe iyaka shi ne in sha Allahu da aka bi har ƙarshensa.

Reshe na biyu shi ne cewa takarda alamar rashin yarda ce. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ga Sahabbai ta fara sauka, mutanen da babu kamarsu a amana. Dalilin da ta bayar shi ne rubutu ya fi adalci, ya fi tsayar da shaida, ya fi kawar da shakka. Ni da Alhaji babu maƙaryaci a cikinmu. Kowa ya tafi da abin da ya fahimta, kuma da wuya ta zo kowa ya tuna fahimtar da ta fi yi masa sauƙi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Misalin da ya fi zauna mini shi ne na Annabi Musa a Suratul Ƙasas, domin shi ma baƙo ne da ya je neman mafaka a ƙasar da ba tasa ba, ba shi da komai sai ƙarfinsa da amanarsa. Dattijon Madyana da ya ɗauke shi aiki mutumin kirki ne, Musa kuwa zaɓaɓɓen Allah ne, amma ba su bar magana a dunƙule ba. An ƙayyade shekara takwas a matsayin wajibi. An ce in ya cika goma, kyautatawa ce daga gare shi. Mai ɗaukar aikin ya bayyana ba ya nufin tsananta masa, Musa ya tabbatar cewa duk wa'adin da ya cika babu ƙari a kansa, suka sa Allah shaida. Dubi yadda aka ja layi tsakanin haƙƙi da alheri. Da babu takwas ɗin, shekara biyun ƙari ba za a gane kyauta ba ce. Abin da ya ɓata mini kunun Alhaji ke nan: ban san ko bashina nake sha ko alherinsa ba, shi ma bai sani ba. Ya yi alheri bai samu cikakkiyar godiya ba, ni na karɓa ban samu natsuwa ba.

Akwai wata suka da ta fi ta dattijon ƙarfi, kuma abokan sana'ata ne ke yinta. Sukan ce takarda ta mai kuɗi ce. Shi zai faɗi abin da za a rubuta, mai yunwa kuwa ko me aka miƙo masa zai dangwala hannu. Wannan gaskiya ne, na ga takardun da aka tattara duk wata asara aka jibga wa ma'aikaci. Amma Malam ya nuna mini shari'a ba ta karɓar kowane sharaɗi don kawai an sa hannu. Wanda ya sayar da 'ya'yan itace ya gindaya cewa babu ruwansa da ja'iha, a Malikiyya cinikin ya inganta, sharaɗin ya faɗi. Haka kuma a Muwaɗɗa an hana cinikin da za a ce in an fasa kafin alƙalami ya tafi a banza. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ma, a zamanta na biyar a Makka a 1402 bayan Hijira, wato 1982, ta yanke cewa idan wani lamari na gama-gari da ba a zata ba ya sa cika kwangila ya zama cuta mai tsanani, alƙali na iya gyara ta ya raba asarar tsakanin ɓangarorin biyu. Sai dai ɗan jinga irina, da iyaka biyu a bayansa da kotun da ake magana da Faransanci a gabansa, yaushe zai kai ga alƙali? Mu alƙalinmu shi ne zaman farko, lokacin da zukata ke sanyi, babu wanda ya san kan wa abin zai faɗa. A lokacin ne kawai mai bene da mai durƙuso za su iya yin rabon gaskiya. Tun ran gini, tun ran zane.

A farkon 2021 Alhaji ya kira ni in zo in ƙarasa. Na ce zan zo, amma da takarda. Ya yi shiru a waya, sannan ya ce in kawo. Muka fara da auna abin da na yi a bara, ya biya. Sabuwar yarjejeniyar shafi ɗaya ce, da Hausa da Larabci. Biya da mita ne, kowace Alhamis, da sefa. Kuɗin motar komawarmu mu uku an ajiye shi tun ranar farko a hannun ɗaya daga cikin shaidu. Idan hukuma ta rufe iyaka ko kasuwa ko ta hana aiki, ɗaki da ciyarwa na kan mai gida har wata guda, bayan nan mu raba, kuma kowa na da ikon ya ce a warware a yi awo. Ban manta da nasa haƙƙin ba: in na bar aiki babu uzuri, ko na lalata kaya da sakaci, ni zan biya. Da aka karanta masa sai ya ce, "Malam, akwai saura. In ɗayanmu ya rasu fa?" Ya yi rashin ƙanensa a shekarar da ta wuce. Muka rubuta wanda zai yi jana'iza da wanda za a miƙa wa kuɗi. Shaidu huɗu, biyu a Ajilari biyu a Digel, kowa aka tura masa hoton takardar ta WhatsApp.

Ranar 20 ga Afrilu 2021, muna cikin azumi, saura matakala kawai, aka sanar da rasuwar Shugaba Idriss Deby. Sojoji suka kafa dokar hana fita, suka ce an rufe iyakoki. Ba korona ba ce wannan karon, amma sharaɗinmu ya ce duk abin da hukuma ta rufe. Rufewar ba ta daɗe ba, sai dai gari ya ɗauki kwanaki a tsorace, aiki ya tsaya. Da yamma aka kawo mana abinci daga gidan Alhaji kamar bara, na ci hankalina kwance domin na san nawa ne. Ranar Alhamis ya zo da kansa, ya ba kowane yaro kuɗin yinin da ba a yi aiki ba. Wannan babu shi a takarda. Na miƙe na yi masa godiya da dukan zuciyata, domin a karon nan na ga daidai inda haƙƙi ya ƙare, na ga abin da ya ɗora a kai don Allah.

Kafin mu baro Ajilari a wannan tafiya ta biyu, ƙaramin yaron nan ya ga ina ninke takardata da Alhaji ina sawa a jaka. Ya ce, "Oga, ina tamu?" Na zauna a gaban mahaifinsa na rubuta musu tasu, na sa a ciki cewa ladansu na kaina ko an biya ni ko ba a biya ni ba. Muka ce in sha Allahu, muka shafa Fatiha, muka kama hanyar Dikwa.